Sunan Youssouf a Jikin Akwati

Saint-Fons, 3 ga Afrilu, 2017

Zuwa ga ɗiyata Ni'ima Abdulhamid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida aiki da gajiyar Paris. Da fatan kina lafiya, ke da duk wanda kike gaisawa da shi a can, idan akwai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta matsa mini tun sanyin bana. Likita ya ce in rage nauyi, na ce masa shekara sittin da uku ina tara shi, ba a wata ɗaya zai tafi ba.

Ko da kin manta, ni ce Gwaggonki Balkisa ta Saint-Fons, matar marigayi Malam Ilya. Kakanki da mahaifina 'yan ɗaki ɗaya ne a Damagaram. Rabona da ke tun ranar jana'izar mijina, shekara huɗu ke nan. Kin zo da jirgin ƙasa na safe kin koma da na la'asar, ko ruwan gidan ba ki sha ba. Ban yi fushi ba, an ce mini lauya ba ya da lokacin zama.

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Shekara goma na yi ina koya wa mata karatu da rubutun Hausa a Miriya kafin in zo ƙasar nan, kuma magana mai nauyi a takarda nake sa ta.

Maganar Youssouf ce, ɗan nan nawa guda. Shekara tara ke nan yana dafa abinci a jirgin ruwan wani attajiri, irin jirgin nan da ba ya kamun kifi, ba ya ɗaukar kaya, ba ya kai kowa ko'ina. Mutum ya tara ma'aikata goma sha biyu su yi ta goge ƙarfe shekara guda, don shi ya zo sati uku ya kwanta a rana kamar an shanya kilishi. Allah Ya kyauta. Amma dai aiki ne, kuma shi ya rufa wa yaron asiri tun da masana'antar da ubansa ya ƙare ƙarfinsa a ciki ta daina ɗaukar mutane.

Satin jiya jirgin na tsaye a tashar Antibes, kaftin ya tara su ya ce kafin ɗaya ga Yuli kowa ya rubuta inda gidansa yake, ya kawo shaida. Wanda gidansa ke Faransa ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Youssouf ya faɗa mini a waya yana dariya, irin dariyar da yake yi idan abu ya dame shi.

An ce ke shari'ar jiragen ruwa kika karanta, ke da kika tashi a Maradi, ko tafki ba ki taɓa shiga ba. To ga ranar amfanin karatun ta zo. Ki gaya mini da Hausa, tun yaushe zama da gida ya zama laifi?

Wassalam.
Gwaggonki, Balkisa


Paris, 21 ga Afrilu, 2017

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode da tunatarwa a kan zumunci, ban manta ba. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiya, sai aiki. Tafki kuwa gaskiyarki, ban shiga ba, amma shekara takwas ke nan ina cin abinci da teku ban jiƙa ƙafa ba.

Ga yadda abin yake. A watan Maris gwamnati ta fito da sabuwar doka. Duk ma'aikacin jirgin ruwa da ke zaune a Faransa, ko da jirgin tutar wata ƙasa yake ɗauke da ita, dole mai jirgin ya sa shi a asusun ma'aikatan teku na ƙasar nan, wanda ke kula da magani da ritaya. Jirgin su Youssouf tutar wasu tsibirai ce a kansa, inda ba a tambayar kowa komai. A takarda dokar gata ce aka yi masa. Sai dai waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa zama da mai jirgi a ɗaki ɗaya ba. Ni kuwa da masu jirage nake wuni, ofishin lauyoyin da nake aiki su yake ba shawara. Mai jirgi mutum ne da zai sa a kawo masa furen tebur ta jirgin sama, amma da ya ji an ce asusun ma'aikata sai ya ce a sallami mai gida a Faransa a kawo ɗan wata ƙasa. Ba sa tsayawa duba kwana nawa mutum yake yi a gidan. Adireshi kawai suke gani.

Na kira Youssouf. Ya ce takardar hayar gida da sunansa take, ta wuta da sunansa, akwatin wasiƙu na gindin bene ma sunansa ne a jiki. Mutumin da bai wuce sati shida a shekara a Saint-Fons ba! Wa ya ba ku wannan shawarar?

Abin yi ba wuya. Ki mayar da haya da wuta sunanki. Ki cire sunansa daga akwati, don kamfanin da ke kula da jirgin yakan tura wasiƙar gwaji ya ga ko za ta dawo. Shi kuma ya kama ɗaki a Genova ta Italiya, inda abokan aikinsa da yawa suka koma. Aikin kwana biyu ne, idan ba a tsaya neman shawarar dukan mutanen Damagaram da ke Lyon ba.

Ki gaida maƙwabciyarki Hajiya Fatsima, wadda ta tambaye ni ranar jana'iza ko har yanzu ban samu miji ba. Ki ce mata har yanzu.

Ni'ima


Saint-Fons, 14 ga Mayu, 2017

Maître Ni'ima, babbar lauya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Gwiwa da sauƙi, amma takardarki ta tayar mini da hawan jini, sai da na yi sati biyu kafin hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami. Hajiya Fatsima tana amsawa, ta ce Allah Ya kawo nagari, mai haƙuri sosai.

Kin tambaya wa ya ba mu shawara. Da kin dawo addu'ar arba'in da kin gani da idonki. Mu 'yan Damagaram da muka zo Saint-Fons tun zamanin da ake ɗaukar mutane a masana'anta, ba mu da zaure, ba mu da ƙofar da za a nuna a ce wannan gidan wane ne. Abin da muke da shi ɗan akwatin ƙarfe ne a gindin bene, da 'yar takarda a jikinsa. Shi muka mayar ƙofar gida. Idan maigida ya rasu ba mai taɓa sunansa sai ranar arba'in. Ranar ne dattawa ke saukowa bayan addu'a, babbansu ya zare sunan mamacin da hannunsa ya sa na magajinsa. Alhaji Abdourahamane ne ya zare na Malam Ilya, ya sa na Youssouf, ya ce masa, "Yau ka zama maigida, ko kana tsakiyar teku." Washegari Youssouf ya je da ƙafarsa ya mayar da haya da wuta sunansa. Ba wanda ya sa shi.

A unguwar nan sunan namiji ba ya sauka daga akwati yana numfashi. Shekara talatin da shida ina nan, ban taɓa gani ba. Duk matar da za ta hawo bene sai ta dubi akwatunan nan, har waɗanda ba su iya karatu ba sun san siffar sunan kowa.

Shi ne ke, da digirinki, kika zauna a bironki, ofishin nan naki na Paris, kika ce aikin kwana biyu ne. In sa hannu in yi wa ɗana abin da ake yi wa mamaci, don wani mai tumbi da ko sunan Youssouf bai sani ba ya ji daɗi. Haya da wuta na ji, takardu ne a cikin durowa, ba mai ganinsu, na riga na je an canza. Akwati kuwa a'a.

Ki sake duba littattafanki. Ba a rasa wata hanya, in dai karatun na gaske ne ba na ado ba.

Gwaggonki, Balkisa


Paris, 12 ga Yuni, 2017

Gwaggo,

Barka da shan ruwa, Allah Ya karɓi ibada. Ina lafiya, azumin bana dai da tsawo.

Na duba littattafan, na gaske ne, kuma ba wata hanya. Ko da alƙali zai saurari labarin arba'in, mai jirgi ba zai saurara ba. An riga an sallami mutum biyu a jirginsu, ɗaya ɗan Marseille, ɗaya 'yar Nice, kuma ba wanda ya tara musu dattawa.

Jiya Youssouf ya kira ni. Na ce masa ya hau jirgin ƙasa ya je ya cire takardar da kansa, ya ce ba zai iya ba. Na ce to ya roƙe ki, ya ce, "Ni'ima, ta yaya zan buɗe baki in ce wa Inna ta sauke ni? Sai abin da ta ce." Ƙato ɗan shekara talatin da huɗu, wanda ke ciyar da manyan mutane a tsakiyar teku, ya kasa magana a kan takardar da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Bai gaya miki ba, amma babban kukun jirgin zai bar aiki a ƙarshen bana, kuma shi kaftin ya yi wa alkawarin wurin. Shekara tara yana yankan albasa yana jiran wannan ranar.

Idan ya rasa aikin zai dawo miki Saint-Fons, sunansa a jikin akwati, shi kuma a kan benci a ƙofar bene tare da sauran marasa abin yi. Dattawanku sai su riƙa wucewa suna gaida maigida. Ni dai na faɗi abin da na sani. Saura kwana goma sha takwas.

Ni'ima


Saint-Fons, 2 ga Yuli, 2017

Ni'ima,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, ko da yake ba ki kira ba. Ina lafiya, idan ana kiran wannan lafiya.

Na cire. Ranar Juma'ar ƙarshe ta azumi, da maza suka tafi masallaci, na sauka da 'yar wuƙata. Takardar ta manne, sai da na kankare. Ban yi kuka ba sai da na hau na rufe ƙofa. Ban gaya wa kowa ba, don ban san da wane baki zan faɗa ba.

Washegari, jajibirin Salla, ina tsaka da gyaran naman miya sai na ji salati tun daga hawa na ɗaya. Hajiya Fatsima ce ta faɗo ɗaki ba sallama, ta rungume ni tana cewa, "Balkisa, ruwa ya ci shi? Har kwana arba'in kina haɗiye wannan ke kaɗai?" Kafin in samu bakin magana ashe ta riga ta buga waya tun daga ƙasa. Cikin awa ɗaya mata goma sha ɗaya a falona, da azumi a bakinsu, wasu da tabarmi, wata da buhun shinkafa tun daga Vénissieux. Alhaji Abdourahamane ya hawo hawa huɗu da sandarsa yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa ya fara addu'a. Sai da na ɗaga murya na ce, "Youssouf na nan da ransa, yana Antibes yana dafa kifi. Ni na cire." Alhaji ya dube ni ya ce, "Ke kika cire?" Na ce doka ce. Ya ce, "Wace doka ce ta shigo har gindin benenmu?" Ya juya ya sauka. Mai shinkafa ta ɗauki shinkafarta. An yi mini ta'aziyyar ɗana yana raye, kuma kowace kalma ta shiga jikina, har yau ba ta fita ba.

An sabunta masa kwantiragi, ya kama ɗakin Genova. Kin ci nasara.

Saura magana ɗaya. Da zai aiko mini da kwafin kwantiragin in ajiye, sai ya haɗo da takardar da kamfani ya ba kaftin tun watan Maris, wadda a kanta aka tara su. Shafi huɗu ne da Ingilishi, ban san ko kalma ɗaya ba. Amma ni malamar karatu ce, suna ba ya ɓoye mini a kowane harshe. A ƙasan shafi na huɗu an rubuta Ni'ima Abdulhamid. Na kai wa mai kantin maganin unguwarmu ya fassara mini daga farko har ƙarshe. Ke ce kika shawarci masu jirage su tantance adireshin ma'aikatansu, har da dabarar wasiƙar gwaji. Ashe ranar da nake tambayarki tun yaushe zama da gida ya zama laifi, wadda ta hura wutar nake tambaya. Ke kuma kika zauna kika ba ni labarin kamar na wasu ne can da ba ki taɓa gani ba.

Ba na neman bayani. Ina so dai ki san na sani.

Balkisa


Paris, 15 ga Janairu, 2018

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da sanyi, ya gwiwa? Wannan ta hannun mai kantin maganinku na aiko ta, domin wadda na rubuta miki a watan Satumba ta dawo mini da hatimi, wai ba mai wannan suna a adireshin. Na ɗauka ke kika ƙi karɓa, na yi fushi wata uku. Sai daga baya Youssouf ya ce mini an canza mai raba wasiƙu, sabon kuma ba ya jefa takarda a akwatin da ba suna.

Abin da na ce a waccan shi zan maimaita. E, ni na rubuta. Aikina ke nan, an tambayi ofis abin da doka ta ce na faɗa, kuma da ban rubuta ba na kusa da teburina zai rubuta. Ban san a wane jirgi Youssouf yake ba a lokacin. Da kika rubuto na gane, na ji kunyar faɗa miki, wannan kam laifina ne. Amma shawarar da na ba ki ita ta riƙe masa aiki. Yau shi ne babban kuku, kuma ba Alhaji Abdourahamane ne ya ba shi ba.

Ga labari mai daɗi. Masu jirage da yawa sun kwashe jiragensu sun koma Italiya da Sifaniya, masu gyara da masu sayar da kaya a tashoshinmu suka yi ta kuka, sai majalisa ta sassauta dokar a ƙarshen Disamba. Wata shida kacal ta yi da ƙarfinta. Yanzu idan mai jirgi ya yi wa ma'aikaci inshora mai kyau a wani kamfani ya wadatar, ko ina gidansa yake. Na rubuta wa masu jirage sabuwar takarda, shafi biyu. Kina iya mayar da sunansa gobe ma idan kin so, sai ki kira dattawan su zo da addu'arsu.

Ni'ima


Saint-Fons, 4 ga Fabrairu, 2018

Ni'ima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mai magani ya ba ni ita tare da maganin gwiwa. Lafiya lau nake, na gode. Ina taya ki murnar shafi biyu.

Wata shida. Ashe abin da ya sa na sauka da wuƙa ko tsawon goyon ciki bai kai ba. Ku can haka kuke, ku rubuta yau ku goge gobe, hannunku ko tawada ba ya ɗauka.

Bari in ba ki labarin da babu shi a littattafanki. Da can idan aka ja jirgi gyara a watan Nuwamba, Youssouf sati shida yake yi mini, ya karɓe kicin, ya yi ta yi wa miyata dariya. Wannan karon kwana uku ya yi. Na leƙo ta taga na ga ya shigo bene da jakarsa, na jira, shiru. Da na ja gwiwata na sauka sai na same shi tsaye gaban akwatunan yana kallon gurbin sunansa. Da muka hau, ya tsaya a ƙofar ɗakin da ya yi rarrafe a ciki, ya yi sallama, ya jira sai da na ce ya shigo. A masallaci dattawa suka gaishe shi gaisuwar baƙo, suka tambaye shi mutanen Italiya. Ranar da zai koma ya ajiye makullinsa a kan tebur, ya ce kada ya ɓace masa a teku. Shekara tara bai ɓace ba.

Duk da haka da na karanta takardarki na yi wauta, na ji daɗi. Na kira shi na ce an sassauta, zan sa Alhaji ya zo ya mayar da sunansa. Sai ya ce, "Inna, ki bar shi haka. Gobe su Ni'ima za su sake wata, ba na so ki ƙara sauka da wuƙa. Kuma na saba da nan." Ban haƙura ba, na je wurin Alhaji. Ya ce shi ya iya sauke suna, ya iya ɗora na magaji, amma mayar da wanda aka yi wa ta'aziyya bai san addu'arsa ba, kuma ya tsufa da koyon sabon abu.

To kada ki ƙara wahalar da mai magani. Jiya na yanki takarda, na rubuta da hannuna da manyan baƙaƙe, na sauka na sa. Balkisa. A cikin mutanenmu ni ce mace ta farko da sunanta ya hau akwati. Hajiya Fatsima ta tsaya ta dube shi sau biyu, ta wuce. Wasiƙarki za ta iso yanzu idan kin ga dama. Ranar da za a sauke wannan kuwa, dattawa sun san aikinsu, ba sai an nemi shawararki ba.

Wassalam.
Balkisa